Masu Ruwa da Tsaki a Harkar Jami'a

Ɗalibai, kun san su wa ake kira masu ruwa da tsaki? Su ne duk waɗanda wani al'amari ya shafa, don haka suke da ta cewa a kansa. Ku ɗauki misalin Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, wadda aka kafa a shekarar 2002. Harkarta ta shafi malamai da ɗalibai, ta kuma shafi iyaye da sarakuna da manoman yankuna irin su Duvu a Mubi ta Kudu.

Me ya sa ya wajaba a ji ta bakinsu? Idan jami'a tana so 'ya'ya mata da masu naƙasa su sami gurbi daidai da kowa, iyaye ne za su faɗi abin da ke hana su zuwa, ko kuɗin makaranta ne ko nisan hanya. Idan kuma tana so a dasa itatuwa don kare gaɓar Kogin Yedzaram daga zaizaya, manomi ne ya san inda ƙasa ke zubewa, shi ne kuma zai kula da dashen da rani. Shi ya sa Hausawa ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.