Akwatin da ke tambaya a kan baƙin allo

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar kara, wadda ta'asar 'yan bindiga ta rufe shekara da shekaru. Shanu suka dawo, dillalai suka dawo, manyan motoci suka koma lodi. Tare da su wani ƙaramin abu ya dawo wanda ba a cika lura da shi ba, wato babban yatsa a kan madannin ƙaramar waya. An yi ciniki, an sallama, mai saye kuma ba ya son yawo da damin kuɗi a hanyar Buruku da Udawa. Sai ya danna tauraro, ya sa lamba uku, ya rufe da gidan dara. Wani ɗan akwati ya bayyana: in tura kuɗi za ka yi danna 1, in kati za ka saya danna 2. Ya zaɓa, akwatin ya nemi lambar asusu, ya nemi adadi, ya nemi lambar sirri.

Duk wanda ya taɓa danna *901# na bankin Access, ko *894# na First Bank, ko *310# don ya ga abin da ya rage masa na kati, ya riga ya san abin da masana kwamfuta ke kira akwatin tambaya. Na'ura ce ke tsayar da aiki, ta yi wa mutum tambaya da rubutu tsagwaronsa, ta jira amsa, sannan ta ci gaba bisa abin da aka ce mata. Tsarin na waya sunansa USSD, kuma ba ya bukatar data. A kan layin 2G ma yana tafiya, shi ya sa yake da daraja a yankin da dajin Kamuku kaɗai ya haura murabba'in kilomita 1,100, ga Kuyambana a maƙwabta, inda turakun sadarwa ke nesa da juna, waya kuma ta nuna sanda ɗaya a yi hamdala.

Wannan akwati yana da ɗan'uwa a cikin kwamfuta.

Kafin zuwan hotuna da linzami, da rubutu ake magana da kwamfuta. Mutum ya zauna gaban baƙin allo ya rubuta umarni, ya danna Enter, ta amsa masa da rubutu. Na'urar da ta yi fice a wannan aiki ita ce VT100, wadda kamfanin DEC na Amurka ya fitar a 1978, mai ɗaukar layi 24, kowane layi harafi 80. Manhajar da ke karɓar umarnin ta miƙa wa kwamfuta ana kiranta shel. Stephen Bourne ya rubuta wadda ta zama uwa a wajen sauran, ta fito a 1979, sai Brian Fox ya kawo Bash a 1989, wadda har yau ita ce ke tarbar mutum a yawancin kwamfutocin Linux. Idan aka gaji da maimaita umarni goma kullum, sai a jera su a fayil ɗaya a ba shi suna. Kira ɗaya, su gudana a jere. Wannan fayil shi ne jerin umarnin shel.

Matsalarsa ɗaya ce: ba shi da fara'a. Wanda ya rubuta shi ya san hanyarsa, amma wanda aka bar wa shi sai ya ga duhu da ɗan ɗigo yana ƙyaftawa, bai san me ake jira daga gare shi ba.

A ɗauki misalin mai shagon kwamfuta a cikin garin Birnin Gwari, irin shagon da ake buga takardu, a yi hoton fasfo, a cike wa ɗalibai fom. Kwamfutarsa 'yar gwanjo ce, ta tsufa. Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, sai ya ɗora mata Linux. Yana da jerin umarnin da ke kwafe aikin yini zuwa filashi kowace yamma, ya share tarkacen da ba a bukata. Tafiya ta kama shi zuwa Kaduna sayo tawada da takarda, zai kwana biyu, yaron shago ne zai riƙe wurin. Yaron ya iya buga rubutu, amma a ce ya haddace umarni da ɗigo da saƙar layi, kuskuren harafi ɗaya ya share fom ɗin mutum arba'in? Maigidan ba zai yi barci a Kaduna ba.

Maganin layi ɗaya ne a cikin jerin:

whiptail --yesno "A kwafe aikin yau zuwa filashi?" 8 45

Da an zo wannan layi, allon ya canza launi, akwati ya fito a tsakiya ɗauke da tambayar da maɓalli biyu a ƙasa. Lamba 8 tsayin akwatin ce, layi takwas, 45 kuma faɗinsa, harafi arba'in da biyar, domin a wannan duniya da haruffa ake awo. Yaron ya matsa da maɓallin kibiya ko Tab, ya danna Enter, shi ke nan. Ba linzami, ba haddar komai. Abin da ya saba yi a wayarsa ne aka kawo masa kan babban allo.

Manhajoji biyu ne suka yi suna a wannan fanni. Ta farko sunanta dialog, Savio Lam ya fitar da ita a 1994, Thomas Dickey kuma ya daɗe yana kula da ita. Tana jingine ne da ncurses, jikar wata tsohuwar manhaja mai suna curses da Ken Arnold ya rubuta a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, wadda ta koya wa shirye-shirye yadda za su zana layi da kusurwa a ko'ina a kan allon rubutu. Ta biyu ita ce whiptail, wadda ta fito daga gidan Red Hat, a kan wata manhajar zane mai suna newt. Ta fi yayarta sauƙin nauyi, kuma galibi akan tarar da ita tun daga farko a nau'o'in Linux irin su Debian da Ubuntu. Amma dialog ta fi kaya: tana da kalanda, tana da akwatin zaɓen lokaci da na zaɓen fayil, waɗanda whiptail ba ta da su.

Sauran akwatunan kuwa dukansu biyun suna da su. Akwai na sanarwa kawai, akwai na rubuta amsa, akwai na lambar sirri da ke ɓoye abin da ake bugawa, akwai na jerin zaɓi irin na USSD sak, akwai wanda ake yi wa abubuwa da yawa alama lokaci guda. Akwai kuma ma'auni, sandar nan da ke cika a hankali daga 0 zuwa 100, wadda amfaninta a shago ya fi ƙarfin ado: ita ke hana yaro zare filashi aiki bai ƙare ba don ya ji ƙarar janareto ta fara canzawa.

Ba kayan wasan ɗalibai ba ne. Wanda ya taɓa saita 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, da aka fara sayarwa a 2012, ya ga allon raspi-config, wanda jerin umarnin shel ne da whiptail a kansa. Tambayoyin da Debian ke yi yayin girka manhaja ta irin waɗannan akwatuna suke fitowa. Masu haɗa zuciyar Linux kanta suna zaɓen abin da za su sa da menuconfig, wadda aka samo daga dialog. Slackware ma, wani nau'in Linux da ke raye tun 1993, da dialog take girka kanta.

To yaya jerin umarnin ke sanin abin da yaron ya zaɓa? Nan ne sabon shiga ke tuntuɓe, har sau biyu.

Tuntuɓen farko na lamba ne. Kowace manhaja idan ta gama aiki tana barin lamba a baya, shel kuma ya ajiye ta a wani wuri da ake kira $?. Idan an amince, lambar 0 ce. Idan an ƙi, 1 ce. Hankalin mutum yakan ba shi cewa sifili ai babu ne, to a nan sifili na nufin komai lafiya. Akwai kuma ta uku da ake yawan mantawa: idan mutum ya tsorata ya danna Esc don ya gudu daga akwatin, lambar 255 ce. Mai rubutun da ya yi ganganci ya ce duk abin da ba 1 ba amincewa ce, ya haƙa rami ke nan, domin yaron da ya yi niyyar tserewa daga tambayar sharewa zai ga an share. Mai hankali yakan ce sifili kaɗai ne amincewa, ya kuma ƙara --defaultno a kan duk tambaya mai haɗari, yadda ko an danna Enter da gaggawa, kan ƙi za a faɗa.

Tuntuɓe na biyu ya fi rikitarwa. Kowane shiri yana da ƙofa uku: ta 0 da abu ke shigowa, ta 1 da sakamako ke fita, ta 2 da ake fitar da ƙorafin kuskure. Tunda zanen akwatin ya riga ya cika ƙofa ta 1, amsar da mutum ya rubuta sai ta bi ta ƙofa ta 2. Wanda ya tsaya jiran amsa a ƙofar da aka saba, zane zai kama, allon kuma ya zauna wayam. Shi ya sa ake ganin wannan baƙon rubutu a ƙarshen layi: 3>&1 1>&2 2>&3. Kamar laya yake a ido, amma kowace mace da ta taɓa son musanya geron wannan ƙwarya da dawar waccan ta san sirrin. Sai an kawo ƙwarya ta uku an juye ɗaya a ciki tukuna. Ita dialog ta rage wahalar da zaɓin --stdout.

Abin da ya fi jan hankali ga mai karatun Hausa shi ne, rubutun cikin akwatin na mai shago ne, ba sai wani kamfani ya ga dama ya fassara ba. Har maɓallan ana canza musu suna, da --yes-button da --no-button a whiptail, ko --yes-label da --no-label a dialog, su koma I da A'a. Sai dai a kula da wannan A'a ɗin. Ɗan waƙafin saman da ke tsakiyarta alama ce mai ma'ana a wurin shel, idan ba a rufe kalmar cikin alamar zance mai tagwaye ba, shel zai ɗauka an buɗe magana ba a rufe ba, jerin ya lalace. Haka 'ya'ya, haka ma'aikaci. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, suna fitowa lafiya matuƙar an saita kwamfutar a kan UTF-8. A nan kwamfuta ta fi waya gata, domin haruffan asali na GSM ba su da masu lanƙwasa, saƙon USSD kuma ba ya wuce harafi 182, in an dage sai an sa su, ya ragu ƙasa da rabi. Abin takaici ne mutum ya ga an rubuta masa kasa a inda ake nufin ƙasa.

Akwai bambanci ɗaya babba tsakanin 'yan'uwan biyu, kuma mutanen Birnin Gwari sun ɗanɗana shi. A ƙarshen Satumba na 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, bayan Zamfara ta yi haka a farkon watan. Birnin Gwari na cikin wuraren da abin ya shafa, ba a kuma ba da umarnin maido da layukan ba sai ƙarshen Nuwamba. A waɗannan makonni tauraro da gidan dara ba su tsinana komai ba, masu POS suka zauna, mai son tura kuɗi sai ya yi tafiya zuwa inda ake samun sabis. Dalili kuwa, akwatin USSD a waya yake bayyana, amma mai tambayar yana can nesa a kwamfutocin kamfanin sadarwa da na banki. An yanke igiya, magana ta ƙare. Ga shi ana biya, naira 6 da kwabo 98, in kuma mutum ya tsaya neman lambar asusu a aljihu, lokaci ya cika a kore shi ya sake daga farko.

Akwatin whiptail kuwa, mai tambaya da mai amsa a ɗaki ɗaya suke. Ba ya neman sabis, ba ya cin kati, kuma zai jira yaron shago ya je sallar La'asar ya dawo ya tarar da tambayar a inda ya bar ta. Wuta kaɗai yake nema, ita ma kaɗan. Idan akwai 'yar data, maigidan na iya leƙa kwamfutar shagon daga Kaduna ta hanyar SSH, har da wayarsa in ya sa mata manhajar Termux, ya ga akwatin nan dai a tafin hannunsa. Haruffa ne kawai ke bin layin, ba hotuna ba, don haka sabis ɗin da ya kasa buɗe bidiyo a Facebook yakan ɗauke su.

Yana da iyakarsa. Wanda bai iya karatun boko ba, akwatin bai ƙara masa komai ba, kamar yadda dattijo a kara ke miƙa wa yaro wayarsa ya danna masa, wani lokaci har da lambar sirri, abin da ya jawo wa mutane da yawa asara. Kuma akwati ba ya gyara jerin umarnin da aka rubuta ba daidai ba, kyan fuska kawai yake ba shi. Masu aiki da allo mai hotuna suna da nasu irin, zenity da kdialog, masu fito da taga sosai da ake dannawa da linzami, amma su ba sa tashi a inda babu hotunan.

Mai son gwadawa, a Debian ko Ubuntu ya buɗe baƙin allon ya rubuta whiptail --msgbox "Sannu da zuwa Birnin Gwari" 8 40, ya danna Enter. In dialog yake so, sudo apt install dialog zai sauko masa da ita, nauyinta kuma kaɗan ne.