Ranar da Kumbo Zai Sauka a Ƙofar Wambai

[Kiɗan taken shiri ya tashi, sannan ya lafa]

Yau daga Ƙofar Wambai za mu tashi, nan gabashin birnin Kano, inda tsohuwar ganuwa take kallon Fagge. Abin da ya kawo mu kuwa wani nau'in fim ne da ake sha'awa a duniya: finafinan barkwanci na baƙi daga sararin samaniya, wato halittun wata duniya da ke saukowa da kumbonsu da makamansu don su mamaye tamu, amma a tashi kallo ana riƙe ciki saboda dariya. Ku gyara zama, ku ƙara muryar akwatinku.

[Amon kasuwa: hon na adaidaita sahu, kiran masu talla]

Wanda ya san Ƙofar Wambai yau ya san ta da 'yan gwanjo da 'yan robobi da masu zare. Wanda kuwa ya shiga ta a farkon shekarun 2000 ya san wata fuskar tata. A lokacin nan ce cibiyar cinikin finafinan Hausa. Har yanzu ina ganin layin a idona: shaguna a matse, kwalayen kaset jibge har rufi, fosta a kan fosta, kowane shago da talabijin ɗinsa a bakin ƙofa yana nuna tallar sabon fim. Yara sun yi cirko-cirko da farantan tallarsu a ka, sun manta da ciniki. Ga ɗan sari daga Maraɗi ko Damagaram ya tsuguna yana ƙirga kaset dozin-dozin, ana ɗaure masa kwali da igiyar roba. A wannan layi ake yanke wa fim hukunci. Idan 'yan kasuwa suka ce zai tafi, furodusa ya yi barci da daɗi. Idan suka girgiza kai, to sai haƙuri.

Masana'antar da ta soma da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, wadda mujallar Tauraruwa ta raɗa wa suna Kannywood a 1999, a nan ta yi ƙafafu. Kuma tun kafin kaset, a wannan yanki ne sinimar Orion take, inda iyayenmu da yayyenmu suka sha kallon Indiya da Canis. Ku riƙe sunan nan, Orion. Suna ne da Turawa suke kiran wani gungun taurari, kuma za mu sake cin karo da shi a gaba.

[Gajeren kiɗa]

Daga ina labarin mamayar ya faro? A 1898 wani marubuci ɗan Ingila, H. G. Wells, ya fitar da littafi mai suna The War of the Worlds. A cikinsa halittu daga duniyar Mars suka dira kusa da Landan da injinan yaƙi masu ƙafa uku, suka tarwatsa sojan da a lokacin duniya take tsoro. Tun a babin farko Wells ya tuna wa 'yan ƙasarsa abin da Turawa suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya, don su ɗanɗana yadda ake ji idan wanda ya fi ka makami ya faɗo maka.

Mu Kanawa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Shekara biyar kacal bayan littafin, ranar 3 ga Fabrairun 1903, dakarun Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka tsaya a gaban ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, suka zo da igwa da bindiga mai aman harsashi. Sarki Alu yana Sakkwato a lokacin. Birnin ya faɗa hannunsu a wuni ɗaya. Abin da Wells ya ƙaga, kakanninmu sun gani da idonsu.

Labarin Wells ya taɓa zama abin tarihi a sana'armu ta rediyo. Daren 30 ga Oktoban 1938, Orson Welles da abokan aikinsa suka mayar da littafin wasan kwaikwayo a tashar CBS ta Amurka, suka tsara shi kamar labarai masu shigowa da ɗumi-ɗuminsu. Wasu da suka kama tashar a tsakiya suka ɗauka da gaske ne, hankalinsu ya tashi, washegari jaridu suka ƙara wa miya gishiri. Wannan darasi ne da duk mai zama gaban makirufo yake riƙewa: murya amana ce.

[Kiɗa mai sauƙi]

To ta yaya abin tsoro ya koma abin dariya? Mu ɗauki fim ɗin Mars Attacks! na darakta Tim Burton, wanda ya fito a 1996, shekarar da Independence Day ya nuna mamayar da fuska a murtuke. Burton ya kawo 'yan Mars ƙanana, masu ƙaton kai da ƙwaƙwalwa a waje, idanu kamar ƙwai, magana kamar kukan agwagwa. Aka shirya musu tarba a hamadar Nevada, da janar da 'yan jarida da na'urar tafinta. Na'ura ta ce sun zo da zaman lafiya. Wani daga cikin taron ya saki farar kurciya don murna. Jakadan baƙin ya ɗaga bindiga ya harbo ta, daga nan wuri ya yamutse. Shugaban ƙasa, wanda Jack Nicholson ya fito a matsayinsa, da farfesa da janar-janar, kowa ya gwada dabararsa ta ci tura. Wa ya ceci duniya? Wata tsohuwa a gidan kula da tsofaffi, da jikanta. Tana sauraron tsohuwar waƙar da take so, sautin ya fito fili, sai kawunan baƙin suka riƙa fashewa. Abin da makamin nukiliya ya kasa, faifan kaka ya yi.

Jama'a, wannan ai gininmu ne na tatsuniya. Dodo ya zo gari, jarumai sun gudu, sai Gizo ko wata 'yar yarinya ko tsohuwa mai tsinken tsifa ta gama da shi. Ko a littafin Wells, ƙananan ƙwayoyin cuta ne suka kashe maharan bayan soja sun gaza. Daɗin irin wannan labari shi ne yana tuna wa mai ƙarfi cewa akwai abin da ya raina wanda zai iya kayar da shi, yana kuma gaya wa talaka cewa shi ma yana da rana.

Shekara guda bayan Mars Attacks!, a 1997, sai ga Men in Black, da Will Smith da Tommy Lee Jones. Nan kuma baƙin sun riga sun zauna a birnin New York, wani yana da shago, wani yana tuƙa mota, akwai ma hukumar sirri mai kula da shige da ficensu. Mugun cikinsu ƙaton kyankyaso ne da ya saka fatar wani manomi kamar riga, yana tafe yana karkacewa, abin da ya fara nema shi ne ruwa da sukari. Taskar da ake ta farauta kuwa, ashe tana rataye a wuyan wata kyanwa. Sunan kyanwar? Orion, sunan tsohuwar sinimarmu.

Indiya, wadda Kanawa suka fi sabawa da finafinanta, ta bi ta hanyar tausayi. A Koi Mil Gaya na 2003, Rakesh Roshan ya kawo Jadoo, ɗan shuɗin baƙo da 'yan uwansa suka tafi suka bari, mai samun ƙarfi daga hasken rana, yara suka ɓoye shi suka kare shi daga hukuma. A PK na Rajkumar Hirani, Aamir Khan ya sauka a Rajasthan, kafin ya yi taku goma ɓarawo ya fizge na'urar da zai kira kumbonsa. Daga nan ya shiga yawo yana tambayoyi irin na ƙaramin yaro: me ya sa takarda mai hoton mutum take sayen abinci, wata takardar mai hoton mutumin nan ba ta saye? Da irin waɗannan tambayoyi ya tona asirin 'yan damfara masu fakewa da addini. A nan ne ma'anar nau'in fim ɗin take fitowa sarai. Baƙon madubi ne. Abin da ɗan gari ya saba da shi har ya daina gani, idon baƙo ne yake nuna masa.

[Gajeren kiɗa]

PK ya fito a Disambar 2014. A wannan watan ne Allah ya yi wa Rabilu Musa Ibro rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama. Duk wanda ya san layin kaset na Ƙofar Wambai ya san cewa finafinan camama sun riƙe kasuwa a lokutan da manyan finafinai suka yi kwantai. Kuma mene ne jarin Ibro? Sau da yawa baƙunta ce: ɗan ƙauye a birni, ko mai kwaikwayon Ba'indiye, ko wanda ya ɗauko sunan wani da duniya take magana a kansa, kamar a Ibro Usama da Ibro Awilo, ya shigo da shi lungunmu. Dabarar ɗaya ce da ta PK: a sa wanda bai san dawan garin ba a tsakiyar jama'a, a bar halayenmu su bayyana.

A rubuce ma mun riga mun taka sararin samaniya. A 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutum duniyar wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da baƙonsa Kolin Koliyo wanda ya ɗauke shi zuwa sama. Ɗalibai da yawa sun karanta shi a makaranta. Ke nan fiye da shekara hamsin da Bahaushe ya yi wa halittar sama suna da harshensa.

Akwai dalilin da ya sa abin ya dame ni. A 2009 fim ɗin District 9 na Afirka ta Kudu ya ajiye kumbo a saman Johannesburg, amma ya nuna 'yan Najeriya a matsayin miyagu, har ministar yaɗa labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta nemi gidajen sinima su daina nuna shi. Idan ba ka ba da labarinka ba, wani zai ba da shi yadda ya ga dama. A 2011 kuwa, a Attack the Block, John Boyega, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya jagoranci samarin wata unguwar talakawa a kudancin Landan suka kare gidajensu daga dodannin sama da kekuna da sanduna da wasan wuta. Unguwa ɗaya, dare ɗaya, fim ya zaga duniya.

[Amon kasuwa ya dawo a hankali]

Yanzu ku lumshe ido mu ƙaga namu. La'asar sakaliya, sai ga kumbo ya sauka a bakin Ƙofar Wambai. Ƙofa ta buɗe, shugaban baƙi ya fito zai yi shelar ya karɓe duniya. Bai buɗe baki ba wani dattijo ya tare shi: sannu da zuwa, ya hanya, ina gajiya, ya aka baro mutan gida? Kafin a gama gaisuwa an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa. Dillali ya zagaya kumbon sau biyu, ya ƙwanƙwasa jikinsa, ya tambaya nawa za a sallama. 'Yan gwangwan sun iso da sikeli. Ɗan gwanjo ya dubi baƙon ya ce sanyi na tafe, ga rigar da ta yi daidai da hannu huɗu. Da ya dage sai ya ga shugaba, aka ce masa ai ba a haka, sai ya fara ta wurin mai unguwa. Magariba ta yi masa yana teburin mai shayi, yara suna koya masa Hausa, ya manta da abin da ya kawo shi. Dama an faɗa tun da daɗewa: Kano tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka.

Wannan fim bai buƙatar dukiyar Hollywood. Zamanin kaset da faifai ya wuce, kallo ya koma waya da YouTube da tashoshi irin su Arewa24, kuma siddabarun da da sai babban kamfani, yau matashi mai kwamfuta a Fagge ko Zoo Road yana iya haɗa shi. Abin da ba a saye da kuɗi shi ne labari da harshe da iya ban dariya mai tsafta, waɗannan kuwa muna da su tun daga tatsuniyar kaka har zuwa camama. Marubutanmu da daraktocinmu, Kolin Koliyo yana nan yana jiran wanda zai kai shi gaban kyamara, kasuwar da ta raini Kannywood kuma ta isa ta zama filin saukarsa.

A nan za mu dasa aya.

[Kiɗan rufe shiri]