Katako Mai Zane: Ina Ake Samunsa a Potiskum?

Gabatarwa

Na tashi a gidan kafintoci a Potiskum, kuma kafin in san bambancin baƙi da wasali na san bambancin ƙanshin maɗaci da na malaina. A wani dogon hutu mahaifina ya aike ni sayen katakon da za a yi wa ƙanwata gadon aure. Na zaɓo faifai shida jajaye masu sheƙi, a farashi mai sauƙi. Da na kawo, ya ɗauki zarto ya yanke ɗan bakin ɗaya, sai ga cikinsa fari fat. Ashe rini aka yi masa. Abin da ya ce kawai shi ne, “Kai da kake karatun Hausa, ba a koya maka araha ba ta ado ba?” Wannan asara ce ta sa na zauna na koyi abin da zan bayyana a wannan maƙala.

Mene Ne Zanen Katako?

A shagonmu “zane” muke ce wa layuka da ratsi-ratsin da ke bayyana a fuskar katako idan aka fere shi aka goge. Abubuwa uku ke kawo shi. Na farko, yanayin girman bishiyar: a maɗaci da safele zaren itacen yakan murɗe dama na wasu shekaru, sannan ya juya hagu. Idan aka tsaga gungumen daga ɓawo zuwa tsakiya, sai ratsi ya fito a jere, wani da haske wani da duhu, kamar saƙi. Na biyu, wurin da aka ciro katakon: inda gangar jiki ta rabu biyu, da gindin bishiya, da ƙullin da kan fito a jikinta, sun fi ko'ina zane. Na uku, bambancin launi tsakanin zuciyar itace mai duhu da farin gefenta. Sai dai a kula, farin gefen nan shi gara da ƙwari suka fi ci.

Itatuwan da Ake Nema

Maɗaci ja ne mai ɗan duhu, yana karɓar guga, shi ya sa ake son sa wajen gado da ƙofa. Maɗobiya ta fi shi zane, ruwan ƙasa ce mai ratsi, ga nauyi. Kawo ba ya saurin motsi bayan ya bushe. Ƙirya kuwa tauri gare ta, gara ba ta iya mata, don haka masassaƙa ke yin turmi da taɓarya da ita, maƙera kuma ke neman gawayinta. Daga Kudu ake kawo loko da safele, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na Jihar Delta, tsohuwar tashar fitar da katako. Malaina fara ce marar nauyi, tana da amfaninta, amma ba ta cikin wannan sahu, kuma da irinta ake ruɗar baƙo.

Wuraren Samu

Potiskum ba ƙasar kurmi ba ce. Yawancin katakon da ake aiki da shi a garin baƙo ne, daga jihohin Kudu irin su Edo da Ondo da Kuros Riba, ko daga Taraba. Sa'ar da muka yi ita ce garin mahaɗar hanyoyi ne, ga ta Kano, ga ta Bauchi, ga ta Gombe, ga ta Maiduguri, kuma gari ne na masu manyan motoci.

Wuri na farko shi ne wajen 'yan katako. A nan katako mai zane ba a ware yake ba, yana cakuɗe cikin tari, sai mai haƙuri ya juya faifai ɗaya bayan ɗaya. Dillalin da ya san ka yakan ajiye maka na kirki idan mota ta sauke. Wanda bai samu a gida ba yakan nufi Na'ibawa 'Yan Katako a Kano. Wuri na biyu shi ne injin tsaga, inda mutum zai sayi gungume ya faɗi yadda yake so a tsaga masa. Na uku, wanda aka fi rainawa, shi ne tsohon katako: ƙofofin gidajen da aka rushe da bodin tsofaffin motoci. Wannan ya gama bushewa, ba zai ƙara motsi ba, sai dai a cire ƙusoshi kafin a sa zarto. Na huɗu, bishiyar da iska ta kayar. Darbejiya, wadda ta cika titunanmu, dangin maɗaci ce a ilimin tsirrai, kuma tsohuwarta tana da jar zuciya mai kyau. Amma a nemi izinin mai ita da na ma'aikatan gandun daji kafin a taɓa.

Yadda Ake Gwadawa

Kada a yi cinikin biri a sama. A fere ɗan wuri, a shafa ruwa, zanen zai fito kamar an shafa mai. A duba yankakken baki, domin rini ba ya shiga ciki. A ɗaga a ji nauyi, a ƙwanƙwasa: busasshe yana amo, ɗanye ba ya yi. A duba ko akwai ƙananan ramuka masu zubar da gari. Babbar matsalarmu ita ce bushewa. Katakon Kudu yakan iso da danshi, idan hunturu ya buge shi sai ya tsuke, ya tanƙware ko ya tsage. Maganinsa a jera shi a inuwa, a sa ƙananan sanduna tsakanin faifai da faifai, a shafa fenti a bakunansa, a bar shi ya yi watanni kafin a yi aiki da shi.

Doka da Makomar Daji

Kyan maɗobiya ya zame mata bala'i. Buƙatarta a ƙasar Sin ta sa aka yi mata saran ƙare-dangi a Taraba da maƙwabtanta, inda 'yan kasuwa suka laƙaba mata suna “Madrid”. A 2017 ta shiga rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. A taron Panama na 2022 aka ƙara maɗaci da kawo a wannan rukuni. Jihar Yobe na cikin jihohi 11 da ke fama da kwararowar hamada, don haka mai saye a nan ya kamata ya tambayi asalin katakon da takardar izininsa.

Kammalawa

A nan ne aikin ɗalibin harshe ya shigo. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, ƙamusun Bargery na 1934 ma ya adana da yawa. Amma kalmomin da kafintoci da masassaƙa ke amfani da su a bakin aiki suna bakin dattawa ne, kuma idan bishiya ta ƙare a daji sunanta kan bi ta. Ina kira ga 'yan uwana ɗalibai, duk wanda ya je hutu ya ɗauki littafi ya zauna da masassaƙin unguwarsu ko da wuni ɗaya. Gadon ƙanwata dai an yi shi daga baya, da tsohuwar ƙofar maɗaci da mahaifina ya daɗe yana ajiye da ita.