Man shanu da kitse: a daina ci ne, ko a san gwargwado?



A shirinmu na kiwon lafiya na makon jiya, wani magidanci ya kira mu yana cikin damuwa. An auna mahaifiyarshi a gidan likita an ce jininta ya hau. Ƙanenshi da ke aiki a Abijan ya bugo waya ya ce daga ranar kada a ƙara sa man shanu a tukunyar gidan, wai shi ne ke kashe mutane. Aka bi umarni. Tsohuwa ta ƙi cin tuwo, ta ce gayan tuwo ba abincin mutum ba ne, jikoki kuma sai ramewa suke. Sai ya tambaye mu: wa ke da gaskiya, tsohuwa ko ɗanta?

Lokaci ya ƙure mana ran nan, shi ya sa muka kawo bayanin a nan dalla-dalla. A taƙaice, kowanensu yana riƙe da rabin gaskiya. Man shanu da kitse abinci ne mai ƙarfi ƙwarai, kuma amfaninshi ko cutarshi sun danganta da mai ci, da yawan da ya ci, da irin aikin da jikinshi ke yi.

Yadda iyayenmu ke sarrafa shi

Duk wanda ya tashi kusa da ruga ya san hanyar. A tatso madara a zuba a ƙwarya a rufe, ta kwana ta zama kindirmo. Da sanyin safiya a juye a gora a yi ta kaɗawa har man ya taso ya haɗe. A tsame shi a wanke da ruwan sanyi a cura. Abin da ya rage shi ne tsala, wadda muke dama fura da ita. Aikin ba ƙarami ba ne: kafin a samu kilo guda na mai sai an kaɗa madarar da ta kai lita 20 ko kusa da haka. Dalilin tsadarshi ke nan, kuma dalilin da ya sa tun can ba a cin shi da ludayi.

Ɗanyen man shanu kashi 80 cikin ɗari ne mai, sauran ruwa ne da ɗan ragowar nono. Wannan ruwan da ragowar su ke sa ya yi saurin ɗoyi, musamman da bazara. Shi ya sa iyayenmu mata ke soya shi. Ana ɗora shi a wuta kaɗan-kaɗan, ya narke ya yi kumfa, ruwan ya fita da tururi, ragowar nonon ta kwanta ƙasa ta yi ja. Wasu na jefa albasa, in ta yi ja sun san ya soyu. A tace a zuba a busasshiyar kwalba a rufe. Wanda aka soya da kyau yana yin watanni ba firigo. Akwai kuma wata riba: zafin suyar yana kashe ƙwayoyin cutar da ɗanyen nono ke iya ɗaukowa daga dabba marar lafiya, kamar tarin fuka na shanu da cutar nan mai sa dabbobi ɓari, wadda ke kama mutum da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa.

Kun lura man damina ya fi na rani launin ɗorawa? Ɗanyar ciyawa ce ke kawo hakan. Tana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma yana bin nono ya shiga mai.

Haka abin yake ga kitse. Ranar layya, bayan an banƙare raguna an kewaye wuta da su, mata na narka kitsen su soya nama a ciki har ruwan ya ƙone ƙarƙaf. Naman da ya bushe, kitse ya rufe shi iska ba ta shiga, yana kai gida watanni. Mahautan kilishi na Madawa da Gidan Runji da Tasawa kuma akasin haka suke yi: suna yanke kitsen su bar tsoka zalla kafin su shanya, don sun san kitse a shanya ɗoyi yake yi. Kowane ɓangare da iliminshi.

Abin da mai ke yi ma jiki

Giram guda na mai yana ba da kalori 9, wato ma'aunin ƙarfin abinci. Giram guda na sitacin hatsi ko na sinadarin gina jiki da ke cikin nama da wake yana ba da 4. Ke nan mai ya ninka su har da ɗori. Babban cokali guda na man shanu ya kai kalori 100. Manomin da ya wuni duƙe da hauya da makiyayin da ya bi garke tun asuba suna ƙona wannan duka kafin rana ta faɗi.

Abu na biyu, akwai bitamin huɗu, A da D da E da K, waɗanda ba su narkewa a ruwa sai a mai. Zogala, rama, alayyafo, kabewa da karas suna ɗauke da abin da ke zama bitamin A, amma in an ci su ba ɗigon mai, jiki kaɗan yake iya tsotsa. Rashin bitamin A shi ke kawo dundumi, yaro ya kasa gani da magariba, kuma yana rage ma jiki ƙarfin yaƙi da ƙyanda da zawo. Ashe kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli, ko ɗan man da ake zubawa a kan miyar ganye, ba don daɗin baki kaɗai ba ne.

Yara su suka fi kowa bukata. Cikin yaro ƙarami ne, kunun gero tsararo yana cika shi amma bai ƙosar da shi. Nonon uwa kanshi wajen rabin ƙarfin da yake bayarwa daga mai ne. Iyayen da suka taɓa kai yaro mai tamowa CRENI ko CRENAS sun san ɗan ƙunshin nan na Plumpy'Nut: gyaɗa ce da mai da madarar gari da sukari da bitamin, giram 92 mai kalori 500. Likitoci da kansu da abinci mai maiƙo suke tada yaron da ya rame. Don haka daga wata shida, ƙaramin cokali na soyayyen man shanu ko man gyaɗa a kunun yaro abu ne mai kyau. Kafin wata shida kuwa, nonon uwa zalla. Ko kaka ta ce a lasa ma jariri mai don ya yi ƙiba, a ba ta haƙuri.

To ina matsalar take?

Mai iri-iri ne. Akwai wanda ke daskarewa da hunturu, kamar kitsen rago, tozon sa, man shanu da man ja. Akwai wanda ya fi zama ruwa, kamar man gyaɗa da man riɗi. A man shanu, fiye da rabi daskararren ne. A kitsen sa da rago da man ja, kusan rabi. A man gyaɗa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

In mutum ya yawaita cin mai daskarewa, wani nau'in kitse da ke yawo a jini, wanda likitoci ke kira kolesterol marar kyau, yana ƙaruwa. Shekara da shekaru yana liƙewa a bangon jijiyoyin jini, hanya ta ƙuntata kamar bututun ruwan da ya yi tsatsa. In ta toshe a zuciya, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Ba ya ciwo, ba ya nuna alama, sai ranar da ya kada mutum. A nan ɗan'uwanmu na Abijan yana da gaskiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a shawarwarin da ta sabunta a 2023, ta ce mai daskarewa kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini. Mu mayar da shi lissafin madafa. Baligin da ke bukatar kalori 2000, rabonshi wajen giram 22 ne. Babban cokali na soyayyen man shanu yana ɗauke da wajen giram 8. Cokali uku sun cinye rabon yinin duka, tun ba a ƙirga nama da man ja da ƙosai ba.

Yanzu ku tuno akushin gidanmu na da. Cokali biyu a kan tuwo, hannu shida ko bakwai a ciki. Kowa ya samu ƙamshi da ɗan maiƙo, ba wanda ya kusanci iyaka. Nama sai ranar kasuwa, ko suna, ko salla. Daga nan kowa ya kama hanyar gona da ƙafa, mata suna daka da jan ruwa a rijiya. Yau fa? Mai albashi ko ɗan kasuwa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai zai karya da ƙosai ko biredi da bota, rana shinkafa da mai yana kwance a kai, dare tsire ko balangu, ya ce ma mahauci a sa mishi wajen tozo. Daga gida zuwa shago a kan babur, daga shago zuwa fada a zauna shayi mai sukari. Man shanun bai canza ba, zamanmu ne ya canza.

Abu biyu da suka fi cancantar tsoro

Na farko, man suya da ake maimaitawa. Kaskon da aka soya ƙosai da shi yau, gobe, jibi, ana ƙara sabo a kan tsoho har ya yi baƙi yana hayaƙi, ya riga ya lalace, ko da asalinshi man gyaɗa ne mai kyau. Akwai kuma man da masana'antu ke daskararwa, wanda ake samu a wasu nau'o'in bota ta gwangwani da biskit. Shi OMS ta ce kada ya kai ko kashi ɗaya cikin ɗari, kuma tana kira ga ƙasashe su kawar da shi daga abinci baki ɗaya.

Na biyu, gishiri. Maganar hawan jini, wanda muke ce ma tansiyon, gishiri ya fi mai laifi kai tsaye. Iyakar baligi ƙasa da giram 5 ne a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma dunƙulen magi da muke jefawa uku-huɗu a miya mafi yawanshi gishiri ne. Gidan da aka hana man shanu aka bar magi da gishiri yadda suke, an bar jaki ana dukan taiki. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano in an rage magi.

Shawara ga uwar gida da mai cefane

A riƙa auna mai da cokali, a daina tuttulawa daga bakin kwalba. Girkin yau da kullum a yi shi da man gyaɗa kaɗan, a bar man shanu ya zama na ɗorawa a kan tuwo ko dambu. Kitsen layya a raba shi cikin watanni, kada a cinye a mako biyu. In an dafa nama ya huce, a kwashe kitsen da ya daskare a sama. Wake, gero da ba a surfe shi fiye da kima ba, ganye da tsala su yi yawa a kwano.

Wajen saye kuma a lura, don masu saurare da dama sun kawo kukan ana gauraya man da wani abu, mutum ya yi ma rogo kallon kitse. A narka kaɗan a cokali. Na gaskiya yana zama garau da ɗan guntun laka a ƙasa, kuma ƙamshinshi na nono ne. Wanda aka cakuɗa da gari ko dankali yana barin kauri mai yawa. In za a adana, kwalba ta bushe sarai, a ajiye a inuwa, kada a tsoma jiƙaƙƙen cokali.

Ƴan'uwanmu na Turai masu cewa a aiko musu kwalba, ku sani ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shigo da nama da kayan nono daga ƙasashenmu, ana ƙwacewa a filin jirgi. Ku sayi bota marar gishiri a kanti ku soya da albasa yadda Inna ke yi. Amma ku tuna ku ma zaman mota da ofis kuke, cokalin ya zama ƙarami.

Mu koma gidan mai kiranmu. Jikoki a maida musu mansu a kunu da tuwo, suna bukatarshi. Ita Hajiya, a fara da rage gishiri da magi, a tabbata tana shan maganinta kullum ko ta ji sauƙi, a riƙa kai ta CSI ana auna jinin. A tambayi ma'aikacin lafiyar da ke duba ta ko ƙaramin cokali a kan tuwonta zai yiwu, don tsohuwar da ta daina cin abinci gaba ɗaya ita ma tana cikin haɗari. Wanda kuma aka riga aka ce yana da ciwon zuciya, ciwon suga ko kolesterol mai yawa, maganar likitanshi ita ce gaba da tamu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna da mata masu kaɗa nono su faɗa mana da bakinsu yadda suke gane mai kyau. Ku shirya tambayoyinku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a abin da muke ci.