Kayan Sikawut: Yadda Iyaye Za Su Rage Wa Kansu Nauyi

Takardar da ke biyo yaro gida daga shugaban rukunin sikawut ba ta da tsawo: riga da wando, ɗamara, hula, ƙyallen wuya da zobensa, sai bajoji. Amma ga ma'aikacin da ke tasowa kullum daga Nyanya ko Kubwa zuwa Sakatariyar Tarayya, wanda kuɗin mota ke lashe kaso mai tsoka na albashinsa tun da aka cire tallafin mai a 2023, wannan 'yar takarda kan kwana biyu a aljihu. Mafi ƙarancin albashi dai naira 70,000 ne tun 2024.

Abin takaicin shi ne, an tsara kayan ne domin su rufe irin wannan bambanci. Robert Baden-Powell, wanda ya fara harkar a Ingila a 1907, ya so ɗan mai hali da ɗan talaka su tsaya layi guda ba a gane wane ne wane. Harkar ta iso Najeriya a 1915. Yau kuwa ɗan masinja kan daina zuwa atisaye saboda kunyar shiga sahu da kayan gida, alhali ɗan darakta na tsaye fes.

Kada uba ya yi gaggawar shiga kasuwa. Ya fara ganin shugaban rukuni, domin kayan ƙanana sun bambanta da na manya, kuma ƙyallen wuya da bajoji ta hannunsa ya fi dacewa su fito. Yadi kuwa, idan iyaye goma suka haɗa kuɗi suka sayi bandir a kasuwar Wuse, suka ba tela guda, farashin kan sauka sosai. A roƙi telan ya bar sarari a ƙafar wando da kafaɗa, don yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ba ya jiran riga.

Akwai kuma kayan da yayye suka girme wa, waɗanda ke jibge a akwatunan gidajen ma'aikata. A wanke, a cire bajojin tsohon mai su, tunda bajo shaidar abin da yaro ya koya ne da kansa, a miƙa wa shugaban rukuni ya raba a asirce.

Idan kuɗin bai kai ba, a fara da ƙyallen wuya. Shi ne mafi araha, kuma da shi ake koya wa yaro ɗaure rauni da rataye hannun da ya karye.