Idan Ƙwai Ya Maƙale wa Kaza

Duk mai kiwon kaji ya san kyarkyarar kaza idan ta saka ƙwai. Ran da ka ga ta shiga akurki ta fito, ta sake komawa, ba kyarkyara ba ƙwai, to akwai magana. Haka wata jar kazar innata ta yi mana bara. Ta raɓe a gindin rumbu, ta saki fukafukai, jela na sama da ƙasa, tana yunƙuri kamar mai naƙuda. Inna ta shafa ƙasan cikinta, ta ji abu mai tauri dab da dubura. Ƙwai ne ya maƙale.

Ƙwai guda yakan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗu a cikin kaza, kuma kusan awa 20 a wajen yin ɓawo suke tafiya. Kowane ɓawo yana cin kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyam. In babu shi a abinci, sai jikinta ya riƙa ɗiba daga ƙasusuwanta. Kalsiyam ɗin ne kuma ke ba tsokar mahaifa ƙarfin turo ƙwai waje. In ya yi ƙaranci, ga ɓawo ya yi laushi, ga tsoka ta gaza. Sagarar da ta fara saka da wuri da kazar da ƙiba ta yi wa yawa su ma sukan gamu da wannan.

A ganina, yawancin laifin na masu kiwo ne. Dusa da tsakin dawa ko masara suna cika ciki, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Kazar Hausa mai yawo tana tsintar ƙwari da ɗanyen haki, kuma ƙwai 40 zuwa 60 take yi a shekara, shi ya sa take jurewa. Amma mutum ya sayo kazar gidan gona mai yin kusan 300, ya kulle ta a kan siminti, ya ce dusa ta ishe ta!

Inna ba ta matsa cikin ba, don ƙwai in ya fashe a ciki, ɓawon yakan yanke ta, ciwo ya shiga. Ruwa mai ɗumi ta zuba a roba, ta zaunar da kazar kamar minti 20, ta tsane ta da tsumma, ta shafa man gyaɗa a bakin duburar, ta kife ta da kwando a ɗaki mai duhu. Kafso ɗin da wasu ke ɓarewa a ruwan sha ba ya fitar da ƙwai. Idan aka kwana bai fito ba, sai likitan dabbobi, ko wuƙa tun kafin ta zama mushe, don sabo da kaza ba ya hana yanka.

Idan kuwa kaji da yawa ne suka rage saka ƙwai lokaci guda, da koren zawo da murɗewar wuya, musamman da hunturu, a zargi cutar Niyukasil. Ita rigakafi ake yi mata, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke haɗawa.

Kazar tamu dai bayan la'asar ta sauke, ɓawon kamar takarda. Tun ranar Inna ta daina zubar da ɓawon ƙwai. Takan gasa shi, ta daka ya yi laushi don kada kajin su koyi fasa ƙwai, ta cuɗa da dusa.