Ko Ka Sani? Cin Taya Yakan Tona Asirin Tirelar Kwale-kwale

A Amurka akwai jiragen ruwa na shaƙatawa sama da miliyan 11 masu rajista, kuma mafi yawansu ba a ruwa suke kwana ba. A gida ake ajiye su, bisa wata 'yar tirela mai ƙafa biyu ko huɗu. In ranar hutu ta zo, mai shi ya maƙala ta a bayan mota, ya nufi tafki a Minnesota ko bakin teku a Florida, ya yi baya-baya da ita a kan gangaren siminti har ƙafafunta su nutse, kwale-kwalen ya sulale cikin ruwa. Tafiyar da wannan tirela ke yi a shekara ba ta taka kara ta karya ba. Duk da haka sai a wayi gari gefe ɗaya na tayarta ya suɗe tas, ɗaya gefen kuwa zanensa na nan daram.

Yawanci tayar ba ta da laifi. Yadda dunduniyar takalmi ke nuna irin takun mai shi, haka cin taya ke nuna abin da ya lalace a jikin tirela. Wanda ya sayo sabuwa ya ɗaura ba tare da ya karanta tsohuwar ba, ita ma haka za ta cinye.

Mafi sauƙin ganewa shi ne na iska. In gefuna biyu sun cinye tsakiya ta rage, iska ce ta yi kaɗan. In tsakiya ce ta suɗe, iskar ta yi yawa. Na farkon ya fi yawa kuma ya fi haɗari, domin taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, ta ɗauki zafi, ƙarshe ta fashe. Tayoyin da ake yi musamman don tirela suna da haruffan ST a gefensu, jikinsu ya fi na mota tauri, kuma akan cika su har adadin da aka rubuta a jikinsu: psi 50 ga masu alamar C, 65 ga yawancin masu alamar D. Da geji ake aunawa tun taya na da sanyi, ba da ido ko bugun ƙafa ba, don taurin nan nata yakan ɓoye ƙarancin iska.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne cin gefe ɗaya. Leƙa ƙarƙashin sabuwar tirela wadda ba a ɗora mata komai ba, za ka ga aksil ɗinta, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun biyu, ya ɗan yi doro sama a tsakiya. Wanda bai sani ba sai ya ce an sayar masa da lanƙwasasshe. Da gangan aka ƙera shi haka. In nauyin kwale-kwale ya hau, doron ya miƙe, tayoyin su zauna sosai a ƙasa. In kuwa nauyin ya wuce ƙarfin ƙarfen, sai ya lotsa ƙasa, kawunan tayoyin su karkata ciki suna kallon juna, gefen ciki na kowace ya riƙa ɗaukar dukan wahalar. Shi ya sa cin gefen ciki a ƙafafu biyu lokaci ɗaya kusan kullum maganar lodi ce. Direbobin manyan motoci na hanyar Kano zuwa Legas ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a nan.

To, ina lodin ya fito, alhali kwale-kwalen bai canza ba? Nauyin da kamfani ke rubutawa sau da yawa na gangar jikin jirgin ne kawai. Sai a ƙara inji, batura, anga, akwatin ƙanƙara. Lita 200 ta fetur kaɗai ta kusa kilo 150. Sannan ga ruwan sama: in aka manta ba a cire toshiyar ƙasan jirgin ba aka bar shi a waje, kowace lita da ta taru a cikinsa kilo guda ce, kuma ba wanda ya gan ta.

In taya ɗaya ce kawai ke cin gefe, wannan ba lodi ba ne, duka ne. An faɗa rami ko an bugi dakalin titi, bakin aksil ɗin ya ɗan lanƙwashe. Wani lokacin kuma ƙarfen lafiyarsa lau, gocewa ya yi daga mazauninsa saboda notin da ke ɗaure shi da sifirin ya kwance, ko tsatsar ruwan gishiri ta ci shi. Daga nan tirela ta riƙa bin mota a karkace, taya na gogar kwalta a kowane taku. Tafin hannu ya fi ido gane wannan. Shafa zanen daga gefe zuwa gefe: in ta nan sumul, ta can kuma yana kama hannu da kaifi, ƙafar ba ta kallon gaba sosai. Tef ɗin awo ne ke raba gardama. A auna daga wurin da tirela ke maƙale da mota zuwa ƙarshen aksil na dama, a auna na hagu. Bambancin da ya wuce milimita 3 abin dubawa ne.

Akwai kuma cin da ke zuwa rami-rami a kewayen taya, nan ya lotsa, can ya tashi. Taya ce ke tsalle ko rawa a kan hanya. Rashin balansin yakan jawo shi, ga shi yawancin waɗannan tireloli ba su da abin da ke shanye girgiza irin na mota. Amma a tirelar kwale-kwale, boris ne abin zargi na farko, kuma dalilin ya keɓanta da ita. Ƙaramar taya mai wili inci 8 tana juyawa kusan sau 780 a kilomita guda, ta motar gida kuwa wajen sau 500, saboda haka boris ɗinta ya fi ɗaukar zafi. Ana isa tafki a tsoma shi cikin ruwan sanyi. Iskar da ke cikin cibiyar ƙafar ta tsuke nan take, ta zuƙo ruwa ta bakin robar da ke tare giris. Sai a koma gida a ajiye tirelar wata da watanni, ruwan na ciki yana aikinsa. Don haka ne aka ƙirƙiro murfi irin Bearing Buddy, mai sifirin da ke danna giris a hankali don kada ruwa ya sami ƙofa, kuma masu hankali kan ɗan dakata ƙafa ta huce kafin su shiga ruwa. Gwajin ba wuya: a ɗaga da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In tana kwaf-kwaf, ko tana gurnani in an juya ta, ko giris ɗin ya koma fari-fari, an gano ɓarawon.

Wuri ɗaya da ya suɗe shafal, sauran taya lafiya, birki ne ya kame aka ja ta a ƙasa. A tirela mai ƙafa huɗu, in tayoyin gaba ko na baya kaɗai ke ci, a duba tsayin mahaɗin mota, don tirelar da hancinta ya ɗaga sama tana jibga nauyi a kan ƙafafun baya.

A ganina, abin da ya fi ɓata wa masu tirela kuɗi shi ne tunanin cewa za a kai ta wurin alaimen a ɗaure noti biyu kamar mota. Yawancin aksil ɗin nan ba shi da wurin gyaran saiti. In ya lanƙwashe, ko dai masu injin matsa ƙarfe su miƙar da shi, ko a sauya shi ɗungurungum, kuma a ƙaramar tirela sauyawar ta fi sayen taya duk shekara araha. Kafin a ɗaura wata tayar, a duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar tirela takan tsufa a ajiye, rana ta tsattsage ta, tun zanenta bai sauka zuwa milimita 1.6 da doka ta ƙayyade a wurare da yawa ba.